Fim Goma Sha Biyu a Memori Ɗaya

Shekaranjiya da hantsi na kai niƙa bakin layinmu a Kambarawa. Ina isa injin ya tsaya, mai shi ya ɗauki galan ya tafi neman mai, mu kuwa muka jera robobinmu muka zauna a kan dakali muna jira. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta kwance bakin zanenta, ta fito da wata tsohuwar waya mai maɓallai wadda aka ɗaure bayanta da roba, ta kunna fim. Ban leƙa ba, muryar kaɗai ta ishe ni. Mutum yana magana kamar daga cikin tulu, kiɗan da ke bayansa yana tsitsi kamar an yayyafa ruwa a mai mai zafi. Yaran yanzu ba su san wannan muryar ba. Ni kuwa ko cikin barci na ji ta zan gane, fim ne da aka matse shi har ya kusa shaƙewa. Nan take na koma tsakar gidanmu na Ƙofar Durbi, ina 'yar shekara goma sha ɗaya.

Gidanmu babban gida ne, irin wanda kaka ya bari 'ya'yansa suka ci gaba da zama, kowa da sashensa, rijiya ɗaya, madafi uku. A sashen da ke kusa da bishiyar darbejiya Gwaggo take. Ita ce babbar yayar mahaifina. Mijinta ya rasu tun kafin a haife ni, ta dawo gida ba ɗa ba jika, da aka yaye ni sai aka ba ta ni. A ɗakinta na yi wayo, a gadonta nake kwana, tuwonta nake ci, mahaifiyata kuwa Inna nake ce mata, in gaishe ta da safe in dawo ɗakinmu.

Gwaggo ba ta ji. Sanƙarau ya kama ta a wata bazara tana 'yar shekara goma, da ya tashi tafiya ya tafi da jinta, ya bar mata magana. Tana magana sarai, sai dai ba ta san nauyin muryarta ba, wani lokaci ta yi ƙasa ka kasa kunne, wani lokaci a jiyo ta daga zaure. A gidan kowa ya san da ido take ji. Tun kafin mu koyi alwala muka koyi dokokinta: ba a yi mata magana da baya, ba a yi mata magana da abinci a baki, kuma ka tsaya inda haske zai sauka a fuskarka. In ka kiyaye waɗannan, za ka yi hirar awa guda da ita ba ka tuna cewa ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenta ba. Sana'arta ɗinkin hula. In ta ɗaga hular wata ta duba a rana, za ta sa farce ta nuna maka inda aka tsallake zare ɗaya tak.

Da ɗinkin nan ta sayi talabijin da na'urar faifai, su ne na farko a ɓangaren mata. Duk ranar da aka samu wuta bayan la'asar, ɗakinmu cika yake. Inna ta zo da tsintar shinkafarta, matan baffanni su zo da goyo, a shimfiɗa tabarma har bakin ƙofa. Gwaggo ce ke zama kusa da akwatin, hula a cinya, allura tsaye a hannu. Fina-finan Hausa take so, saboda bakinsu take karantawa. Ba ta taɓa tambayar kowa abin da aka ce ba. Mu ne ma muke tambayarta. Mutum zai shigo yana rantse-rantse, duk mu yarda da shi, sai ta ce, "Wanga ƙarya yake, ku dubi gefen bakinshi." In aka kai ƙarshe sai maganarta ta fito. A wannan ɗaki ita ce malama, mu ne ɗalibai, kuma ta san haka.

Farkon wata damina, ranar da aka yi ruwan da ya tashi ƙanshin ƙasa har cikin ɗaki, aka yi wata tsawa muna tsakiyar kallo. Akwatin ya yi ƙara ya ɗauke, wari ya tashi. Mai gyara ya zo ya buɗe bayansa, ya girgiza kai ya ce sai dai haƙuri. Gwaggo ta rufe shi da zanen teburi ta ce Allah ya sa iyakar abin ke nan.

A daidai wannan lokaci ne sana'ar Baba Ƙarami ta tashi. Shi ne autan su mahaifina, Gwaggo ce ta yi goyonsa, har ya yi gemu Auta take kiransa. Yana da rumfa ta kwano a gefen Babbar Kasuwa, layin masu sayar da waya da caja, da kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya da katan-katan na fayafai. In kai ɗan bayan nan ne, bari in faɗa maka yadda abin yake. A lokacin ba a kallon fim ta iska yadda kuke yi. Wayoyi ƙanana ne, fuskarsu ba ta wuce kwalin ashana ba, a cikinsu akwai memori kamar farcen ɗan yatsa, wurin da ke cikinsa kuma kaɗan ne. Fim ɗaya na faifai, in aka ce a zuba shi yadda yake, memorin ba zai ɗauka ba. Sai an matse. Mutum zai cire memorinsa ya kai wa masu turi, su matse masa fina-finai su tura, ya dawo gida. Masu turi suna da yawa, amma gwanintar kowa ana auna ta da abu ɗaya, fim nawa zai iya cusawa. Wasu shida, wasu takwas. Baba Ƙarami ya sa an rubuta masa a allo da jan fenti, ya rataye a bakin rumfa: fim goma sha biyu a memori ɗaya.

Mutum ne mai son a tambaye shi. Wata rana yana cin abinci a tsakar gida Inna ta ce, wai shin ina sauran fim ɗin yake zuwa in an matse? Ya ajiye cokali. Ya nuna tumatir ɗin da aka shanya a kan buhu ya ce, kwando guda aka yanka, ga shi ya koma cikin tafi biyu, kuma in aka sa a miya tumatir ne. Haka yake yi. Ya rage girman hoton, ya rage yawan hotunan da ke wucewa a ƙiftawar ido, ya tsuke muryar, ya zubar da duk abin da ya ga mutum zai iya rayuwa ba shi. "Ruwan kawai nake cirewa," in ji shi. Muka yi ta mamaki. Ni dai a ranar na tabbata babu mai ilimi kamarsa a Katsina.

Da ya ga matan gidan sun rasa abin kallo, sai ya kawo waya ɗaya mai ƙarar lasifika, cike da fina-finai, ya damƙa wa Gwaggo a hannu ya ce ta maye gurbin akwatinta. Taron la'asar ya tashi daga ɗaki ya koma gindin darbejiya. A jingina wayar a jikin ƙwarya, kawuna shida ko bakwai su haɗu a kanta, ana jin warin man kitso da hayaƙin itace. Ba ruwanmu da wuta, in an yi caji an gama. Hoton kuwa, to, ga shi nan dai. In mutum yana tsaye shiru za ka gane shi. Da ya motsa sai fuskarsa ta farfashe ta zama ƙananan murabba'ai kamar an yi ta da tubali, baki ya haɗe da haɓa, ido ya zama ɗigo biyu. Mu bai dame mu ba. Kunnenmu yana cike mana abin da ido ya rasa, mun san muryar kowa, mun san mai kuka da mai dariya.

Ranar farko Gwaggo ta kawo wayar daf da idonta, ta nisanta ta, ta karkata ta wajen haske. Ta mayar da ita jikin ƙwarya. Rana ta biyu ta taɓa gwiwata ta ce, "Ɗiyata, mi ya ce?"

Wannan ita ce tambayar da ban taɓa ji daga bakinta ba. Na juyo na faɗa mata. Daga nan ya zama aikina. Kuma ka tuna, ba a yi mata magana sai an fuskance ta. Duk lokacin da ta taɓa ni sai na ɗauke ido daga wayar, na juya gaba ɗaya, na maimaita abin da aka faɗa a hankali, kafin in juyo an wuce wani wurin, ana dariyar abin da ban gani ba. Kwana biyu na yi da zuciya ɗaya. Daga baya na fara gajartawa. Maganar da aka yi mai tsawo sai in ce, "Faɗa suke." Wani ya zo da dogon bayani sai in ce, "Haƙuri yake ba ta." Ba na ma juyowa sosai, rabin fuska nake ba ta. Ita kuwa sai ta gyaɗa kai ta koma kan tubalan nan masu motsi, tana neman abin da na faɗa a cikinsu.

Ranar da abin ya fashe, a fim ɗin wani mutum ne ya dawo daga tafiya, ya durƙusa gaban wata tsohuwa yana faɗa mata ɗanta ba zai dawo ba. Wuri ne da ba a son ko tari. Matan suka ɗauki salati. Na ji yatsun Gwaggo a gwiwata, na ture su kaɗan, suka dawo.

"Mi ya ce?"

"Ba komai, Gwaggo. Gaisawa suke."

Ta dube ni. Sai ta bi fuskokin matan ɗaya bayan ɗaya, fuskokin da ba wanda ya matse su, har ta tsaya a kan Inna da ke share ido da bakin mayafi.

"Gaisuwa ce ta sa uwarki kuka?"

Ta tattara hularta da zarenta, ta miƙe ta shige ɗaki.

Ba ta dake ni ba, ba ta zage ni ba. Abincina yana nan a rufe inda ya saba, ta yi mini kitso ranar da ta saba. Abu ɗaya ta yi, ta daina kallon bakina. In na zo gabanta zan yi magana sai ta mai da ido kan ɗinkinta. Rannan na durƙusa na kama gefen zanenta zan ba ta haƙuri, sai kawai ta rufe idanunta. Wanda yake ji, ko ya juya maka baya maganarka za ta same shi. Gwaggo in ta rufe ido ta rufe ƙofa, ba taga ba kafa. Na yi ta magana ni kaɗai a gaban fuskar da ba ta nan, har na gaji na tashi. Mako guda muna haka, muna kwana gado ɗaya. A gindin darbejiya ana ci gaba da kallo, ita tana ɗaki, wurinta a tabarma ba wanda ya zauna.

Ranar Asabar da safe na ga ta ɗauko babban mayafinta na unguwa. Ta sa wayar a jaka, ta ce da bango, "A ɗauko takalmi." Na gane da ni ake. Muka fita, ruwan daren jiya ya kwanta a lunguna, muna tsallake taɓo, har Babbar Kasuwa. Gwaggo ba mai zuwa kasuwa ba ce, 'yan sari ne ke zuwa gida karɓar hulunanta. Da Baba Ƙarami ya hango mu sai ya miƙe tsaye, ya zaci wani abu ya faru a gida. Ya kori wani saurayi daga benci, ya share mata wuri, suka gaisa, ya tambayi gida ta tambayi kasuwa. Da gaisuwa ta ƙare ta ajiye wayar a teburinsa ta ce ya nemo faifan fim ɗin nan ya sa a kwamfuta. Ya sa. Ta ce ya kai wurin mutumin da ya durƙusa, ya kai na wayar ma wurin. Ya jera su gefe da gefe.

Ta nuna fuskar kwamfuta. "Ga mutum da bakinshi." Ta nuna wayar. "Nan ina ka kai mashi baki, Auta?"

Ranar muryarta ta sama ce ta zo. Mai caja na gefe ya leƙo, mai gyaran waya ya ajiye abin da ke hannunsa. Baba Ƙarami ya yi murmushin dole, ya matso yadda za ta ga bakinsa ya ce, "Yaya, ai kowa yabon aikina yake. Duk layin nan ba mai sa goma sha biyu."

"Masu kunne ke yabonka," in ji ta. "Ni da ka ba ni goma sha biyu, ko ɗaya ba ka ba ni ba. In na tsallake zare haka a hula, kai za ka sa ta?"

Aka kwashe da dariya a layin. Baba Ƙarami ya sha kunya. Amma mutum ne da ba ya yarda an fi shi a sana'arsa, kuma yayarsa ce. Ya ɗaga yatsu uku ya ce ta ba shi kwana uku.

Ranar da ya cika alkawari ya shigo gida yana taku ɗai-ɗai, ya sa aka kira mata duka. Ya ce ya gano dabarar. Ya rage fina-finan zuwa biyar, sannan ya cire muryar gaba ɗaya, ya ba hoto duk wurin da ta bari, tunda mai wayar ba ta da buƙatarta. Ya kunna ya miƙa. Gaskiya hoton ya fito, ana ganin haƙora, ana ganin leɓe yana haɗuwa yana rabuwa. Gwaggo ta gyara zama a tabarma, karo na farko cikin kwana goma, matan suka kewaye ta. Shi kuma ya wuce sashensa cin abinci, ya gama aiki.

Minti biyar ba a yi ba Inna ta ce bari ta duba tukunya. Matar babban baffanmu ta tuna da shanyarta. Ɗaya ta ce yaronta ya tashi. Ba da mugunta suka yi ba, kallon mutane suna motsa baki shiru abu ne da ba su iya ba, ko minti biyar. Gwaggo kuwa shekara arba'in ke nan tana yi. Aka watse, ya rage daga ni sai ita.

Ni ma ban gane komai a fim ɗin ba, amma ban tashi ba. Can na ga ta juya wayar ta ɗora tafin hannunta a bayanta, wajen lasifika, a daidai inda ake rawa. Ta jira. Ta ƙara dannawa. Sai a ranar na san abin da ya sa duk kwanakin nan in an zo waƙa take miƙa hannu ta taɓa wayar, ashe da tafin hannu take sauraron kiɗa. Ta ɗago ta ga tabarma wayam. Sannan ta juyo ta dube ni, ta sauke idonta a kan bakina ta bar shi a nan.

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri. Ƙarya na yi maki. Mutumin nan da ya durƙusa, ce mata ya yi ɗanta ya rasu."

"Na sani," in ji ta. "Na gani a kwamfuta." Ta gyara mini ɗankwali da ya zame. "Je ki kira mani Auta."

Ya zo yana suɗe hannu, yana jiran yabo. Ta tambaye shi wa ya ce ya cire muryar. Ya ce, "Yaya, ai ke ba ki..." sai ya tsaya.

"Ƙarasa mana. Ba ni ji. Tun kana goye a bayana na san ba ni ji." Ta buga tabarmar da tafin hannu. "Dubi nan. Ina mutane? Halan ce maka na yi ni kaɗai nake son in zauna? Da can suna kallo ba ni, yanzu ina kallo ba su. Mi ka gyara?"

Baba Ƙarami ya tsuguna a gabanta. Wannan karon bai yi alkawarin kwana uku ba. Cewa ya yi, "Yaya, ni ban san inda bakin yake ɓacewa ba, ke kika sani. Sai kin zo kin nuna mani."

Asabar ta gaba muka koma kasuwa, wannan karon da gayyata. Ya yanko minti ɗaya daga wani fim da ba ta taɓa gani ba, ya matse shi kashi biyar, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, kowanne da muryarsa. Ya samo wata waya mai ɗan faɗin fuska ya zuba su. Ya sa abin ji a kunnensa yadda shi kaɗai zai ji, ya riƙe mata wayar, ya ce ta faɗi abin da ake cewa. Gwaggo ta gyara mayafi ta fara. Wata mata ce ke yi wa mijinta faɗa a kan ya sayar da akuyarta. Tana faɗa, Baba Ƙarami yana gyaɗa kai, kalma bayan kalma, har da tsakin. Mai gyaran waya bai yarda ba, ya karɓi abin jin ya sa a nasa kunnen, bai kai rabi ba ya cire yana cewa, "La ilaha illallahu! Wallahi haka ta ce!" Kafin a gama na biyu mutane sun cika bakin rumfar, masu dako sun tsaya da kaya a ka. Ita ko a jikinta. Ta karanta na biyu, ta karanta na uku. A na huɗu ta tsaya, ta ce a mayar baya. Aka mayar.

"Ko gobe ta ce, ko goma. Nan baki ya fara narkewa."

Baba Ƙarami ya ɗauki biro ya rubuta lambobin na ukun a jikin katakon teburinsa. Nan ne iyakarsa daga ranar.

Sauran aikin nasa ne, kuma ya yi shi. Ya gano cewa tallace-tallacen da ke farkon faifai suna cin wuri a banza, ya riƙa yanke su. Ya yanke baƙin da ke sama da ƙasan hoto. Ya koyi sa kwamfuta ta bi fim sau biyu, da farko ta duba inda ake motsi da inda ake zaune, sannan ta raba wurin yadda ya dace, ko da hakan yana cin yini guda. Da duk wannan, huɗu ne suke shiga memori, in fina-finan gajeru ne biyar. Ya sauke allonsa da hannunsa ya jingine shi a bayan rumfa. Wasu masu kawo masa turi suka koma wajen maƙwabcinsa da ya fara sa goma, suna cewa ya ja baya. Bai bi su ba. Kafin damina ta fita wasunsu suka dawo, don ido in ya saba da fuska sosai ba ya komawa kallon tubali. A layin har suna aka sa wa aikin, mutum ya miƙo memori ya ce, "Irin na Yaya za ka sa mani."

A gida kuwa taro ya dawo gindin darbejiya, wayar a hannun Gwaggo maimakon jikin ƙwarya, tafinta a baya, mu a kewaye. Malama ta koma kujerarta. Ba ta buƙata ta sai in ɗan fim ya juya wa masu kallo baya, ko ana magana daga bayan ƙofa. In ta taɓa gwiwata, sai in ce a tsayar, a tsayar ɗin, in juyo da fuskata duka in faɗa mata har ƙarshe. Ba wadda ta taɓa ƙorafi. Ashe tun farko akwai maɓallin tsayarwa a jikin wayar, tunaninsa ne bai zo wa kowa ba.

Yau abubuwa sun canza yadda ba mai iya kamo su. 'Ya'yana suna kallon fim a waya har kana ƙirga gashin girar mutum, in ya ɗan dushe na ƙiftawar ido su ce ya lalace. Ba su taɓa tambayar nauyin fim ba, ba su san an taɓa yin mutanen da gwanintarsu ke nan ba. Masu turi sun ragu, Baba Ƙarami ya daɗe da komawa sayar da wayoyi, gemunsa ya yi fari. Ba na cikin masu cewa da ta fi yanzu, kuma ina da dalili. Gwaggo tana nan da ranta, an yi mata aikin ido shekarun baya, ta ajiye allura amma gani ya dawo. Matar nan ta haura shekara sittin a duniya, tana ganin mutane suna kara abu a kunne suna dariya, ba a taɓa kiranta a waya ba ko sau ɗaya. Sai da kiran bidiyo ya zo. Baba Ƙarami ne ya zaɓo mata waya mai faɗin fuska, ya fita ƙofar gida, ya kira ta daga can. Inna ta ce da fuskarsa ta bayyana ya yi sallama, Gwaggo ta amsa, sannan ta ce, "Ashe haka kira yake."

Tun daga ranar ba mu huta ba. Tana kirana da safe, tana kiran jikokin gidan da ke karatu a wasu garuruwa, ta sa kowa ya nemi taga mai haske ya tsaya. Wanda ya fi shan wahala shi ne wanda ya kawo wayar. Kwanan baya na biya ta shagonsa, yana tsakiyar ciniki da wani Alhaji, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ga Gwaggo ce, ya ce Alhaji ya yi masa haƙuri. Ya fito bakin shago inda rana take, dattijo da furfurarsa, ya ɗaga wayar daidai fuskarsa a tsakiyar kasuwa, ya buɗe baki sosai yadda kowane harafi zai fita.

"Na ci, Yaya. Wallahi na ci. Shinkafa da wake."